Zuwa ga 'yata, bayan arba'in ɗin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yar Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Jiya aka yi arba'in. Ba mu tara jama'a ba, an dai toya waina an yi gumba an raba wa almajirai da maƙwabta. Da kika zo gaisuwa gidan cike yake, ba mu samu mun zauna ba, kuma ko da mun samu kin san yadda muke ni da ke. Ke 'yar fari ce, bakina bai taɓa kama sunanki ba. Tun ranar da Inna ta zo ta goya ki ta tafi da ke yaye, ba ki sake kwana a ɗakina ba har aka kai ki naki. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakinta take bi. In kina da damuwa ita kike kira, ni sai dai in ji labari bayan ta kashe wutar. Yanzu babu ita, don haka daga yau ni za ki kira, ko da tsakar dare ne. Kunya tana nan, ba zan iya yar da ita rana ɗaya ba, amma ba za ta hana ni saurarenki ba.

An gaya mini har yanzu kina kuka a kan ba ki riski jana'iza ba. Ki daina. Ta cika bayan sallar asuba, kafin azahar an kai ta Dandolo, kuma haka addini ya ce a gaggauta. Ko jirgi kika hau daga Legas ba za ki tarar ba. Ni da ƙanwarta muka yi mata wanka. Likkafaninta ma ba a je kasuwa nema ba, yana ƙasan adakarta tun shekarar da ta sauke farali, ita ta saya a Makka ta jiƙa shi da Zamzam ta shanya. Ba ta bar bashin kowa ba, mun yi cigiya a wurin zaman makoki babu wanda ya ɗaga hannu. Waɗanda take bi kuwa suna da yawa, kuma ta riga ta gaya wa kawunku babba cewa ta yafe.

Ke kin san ta da carbi da goro da tsokanar jikoki, tana ce miki kishiya tana ce wa ƙannenki maza angwaye. Ina so ki san matar da ta riga wannan tsohuwar.

A wani ƙauye na ƙasar Bichi aka haife ta. Da abin da ya faru take ƙirga shekarunta: takan ce tana ƙirgen dangi Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956 ke nan, kuma saura shekara a ba da mulkin kai aka kawo ta birni gidan Malam. Ta tarar da uwargida da 'ya'ya biyu. Malam a lokacin mai awo ne a rumfar wani ɗan kwangilar gyaɗa. Da kaka ta yi, motoci da raƙuma da jakuna sai su yi ta shigowa da ita, a auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su yi ta jerawa har ya zama dala, kowace ɗaya buhu wajen 15,000, sannan jirgin ƙasa ya kwashe zuwa garin da kike zaune yanzu. Kano duk a kan gyaɗa take ci. Inna tana cikin kulle, ko ƙofar zaure ba ta leƙawa, amma ita ma a kan gyaɗar ta kafa sana'arta.

Da idona na ga aikin, kuma na taya. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta. A soya gyaɗa a kasko, a murje, a fece, a kai niƙa. In an dawo da ita ta zuba a turmi, tana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, juyin da sai kafaɗa ta yi kamar za ta cire, har mai ya fara tasowa ya kwanta a sama. Ta kwashe, ta matse tunkuzar da hannu, ta mulmula, ta soya ƙuli-ƙulin a cikin man da ya fito daga jikinsa. Man ta ɗura a kwalabe. Kafin azahar yara sun yi layi a soro da kwabbansu, matan unguwa suna aiko da kwalba. A cikin wannan duka ba a fasa tuwon dare ba, ba a fasa wankin Malam ba in girkinta ne. Bayan ƙofar ɗakinta akwai zane-zanen gawayi a bango, kowane gida da layinsa. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba a lokacin, amma ba a taɓa cin ta kwabo a lissafi ba.

Sai fari ya zo a 1973. A shekarar ce kuma aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, shi ya sa kika ji har ta rasu tana ce wa naira goma fam biyar. 'Yan uwanta na ƙauye suka fara zuwa da ƙoƙo, wasu da 'ya'ya a goye. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 wata cuta ta naɗe gyaɗa a gonaki. Dalar da ake taƙama da ita ta ƙare, rumfunan awo suka rufe. Malam ya koma tsare wa wani rumfa a Kasuwar Kurmi, abin da yake samu bai kai na cefanen kwana uku a mako ba. Gyaɗa ta yi tsadar da ba riba a mai, sai Inna ta juya zuwa koko da ƙosai da safe, ɗinkin hula da rana, ga 'yan awaki a bayan ɗaki.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne yadda hatsi yake shigowa gidanmu a shekarun nan. Kullum Malam muke gani ya shigo da shi ta zaure, mu ruga mu karɓa muna yi masa sannu da zuwa. Ashe a ɗaka take ƙirga masa kuɗin da dare, ya fita da safe ya auno. Ba ta taɓa bari mu ko maƙwabta mu san aljihun da abin ya fito ba, kuma ko a faɗa ba ta taɓa yi masa gori ba. Na faɗa miki wannan ne saboda kina ɗaukar albashi, maigidanki kuma ɗan kasuwa ne, yau samu gobe rashi. Ranar da naki ya riƙe gidan, kada yaranki su ji a muryarki. Amma ki riƙe ɗaya ɓangaren ma, don Inna ba wawuya ba ce. Kuɗinta nata ne, shari'a ta ba ta, kuma ta san abin da ta bayar kyauta da abin da ta bayar rance. Jarinta ba ta taɓa bari ya narke a tukunya ba, ko da za a kwana da kunu. Takan ce in uwar kuɗi ta mutu gidan duka ya yi maraici. Ki taimaki mijinki da zuciya ɗaya, ki kuma bar wani abu a gefe da sunanki.

Da aka buɗe firamare kyauta ga kowa a 1976, a unguwarmu ɓoye 'ya'ya mata ake yi. Ni ce mai kai mata tallan ƙosai, fitata daga talla asara ce a gare ta kai tsaye. Duk da haka ita ta yi ta lallashin Malam har ya yarda aka rubuta sunana, ta ɗauki almajiri tana biyansa yana kai tallan. Daga nan na wuce makarantar horon malamai mata, na koyar har na yi ritaya. Karatun da kika yi har jami'a daga wannan faranti da ta sauke daga kaina ya faro.

Shekarar da ta fi kowace tsanani ita ce 1984. Malam ya rasu a farkonta, Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Tana ciki, a watan Afrilu, gwamnatin soja ta Buhari ta canja launin takardun naira, aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki. Ita kuwa uwar adashi ce, zubin matan unguwa yana hannunta a ƙulle cikin tsumma, kuma ba ta da halin fita. Kawunku babba ya yi ta sammako yana bin layi, ya canja abin da ya samu, wa'adi ya cika da saura a hannunsa. Matan da kansu suka zo suka ce ƙaddara ce ta kowa, a raba asarar. Ta ce a'a, amana aka ba ta, ba a ba ta don ta kawo uzuri ba. Ta sa aka sauke jerenta, tasoshi da langa-langa da kwallaye da ta tara tun tana amarya, dillaliya ta zo ta kwashe. Kowace mace ta kwashi adashinta cif a ranarta. Na tuna yadda bangon ɗakin ya koma fayau, da mu 'yan mata muna kuka, ita ko a jikinta. Bayan wannan, duk wadda ta samu kuɗi a unguwar, na gado ne ko na sadaki, wurin Inna take kawo ajiya, har zuwa lokacin da ido ya fara gaza mata ta ce a kai banki.

Yanzu maganar kawunnanki, ita ce ta fi damuna. Kin girma kafin ki san cewa kawu babba da mai bi masa da gwaggonku ta Zariya ba Inna ce ta haife su ba. Uwarsu ta rasu wajen haihuwar ta ukun, Inna na goyon yayana, ta haɗa jariran biyu ta shayar. Ba wai zaman nasu da uwargida ya rasa saɓani ba ne, kishi kumallon mata, ita da bakinta ta ce sun sha yin kwanaki ba sa ga maciji. Amma daga ranar da aka fita da gawar, ba a sake jin kalmar 'yan uba a gidan ba. Kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha. In za a ɗinka kayan sallah nasu ake fara yankawa.

To ga shi an zo rabon gado, kuma shari'a a bayyane take: ɗan miji ba ya gadon matar uba, kamar yadda ke ma jika ta wajen 'ya mace ba ki da kaso. Inna ta san haka, ta tambayi malamai tun da ƙarfinta. An gaya mata mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ga wanda ba magajinsa ba, kuma ana fitar da ita ne bayan an biya bashi, kafin a raba. Sai ta yi wasiyya a gaban shaidu cewa a ba su, su ukun, sulusin gonarta ta ƙauye da tumakin da ke wajen kiwo. Ke kuma tun tana raye ta damƙa mini Alƙur'aninta da 'yan kunnenta na zinariya ta ce naki ne, suna wurina. Na ji an fara 'yan maganganu a zauren WhatsApp na jikoki, wai me ya sa waɗanda ba jininta ba za su samu. Kada ki sa baki a ciki, in kuma ƙannenki suka sa, ki tsawatar musu, ke ce babba. Mutumin da ake magana a kansa shi ya bi layin banki saboda ita, shi ya yi mini waliyyi, shi ya kwana a asibiti da ita a ciwonta na ƙarshe, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma gidan da ta yi shekara sittin tana toshe tsagarsa ba za a rusa shi a kan gona da tumaki ba ina raye.

Mutane da suka zo gaisuwa kowa haƙurinta yake yabo, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ina tsoron ku yara ku ɗauka haƙurinta shiru ne. Inna tana da faɗa, in ta ga ba daidai ba a gaban kowa take faɗa. Lokacin da labari ya zo cewa mijin autarmu yana dukanta, an taru ana cewa a ba ta haƙuri, aure ɗan haƙuri ne. Inna ta yafa mayafinta, ta hau mota ita kaɗai, ta je ta kamo hannun 'yarta ta dawo da ita. Ta ce talauci ana haƙuri da shi, ciwo ana haƙuri da shi, halin mutum ma ana yi, amma ita ba ta haifi jaka ba. Sai da manyansa suka zo aka zauna aka kafa sharaɗi kafin ta bari ta koma. Ki san wannan don kanki, ki kuma san shi don 'ya'yanki mata.

Bayan ta fita takaba ne ta shiga makaranta. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, ajin matan aure ya iso unguwarmu, ta je ta zauna a benci tana da shekara arba'in da ɗoriya, ana yi mata dariya. Burinta ta rubuta sunayen 'yan adashinta da hannunta, kuma ta rubuta. Da dare kuma Islamiyya. A ƙauye iyakarta gajerun surori, amma ta bi a hankali har ta sauke izu sittin tana da jikoki. Ke ce kike riƙe mata fitila kina gyara mata wasali, kin fi ni sanin wannan. Don haka kada in ji kin ce aiki da yara sun hana ki muraja'a.

Akwai abin da ba na so ki ɗauka daga wurinta. Ba ta son asibiti. Hawan jini ya daɗe a jikinta tana cewa gajiya ce, tana jiƙa saiwa, sai da ya kayar da ita. Hayaƙin itace na shekara da shekaru ya ci idonta ya bar mata tari. Haka kuma wankan jego irin nata, ruwa yana tafasa, kunun kanwa kwarya guda, ga kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashi. Da ƙauna take yi, haka ta gada. Amma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa yawan kanwa da zafin nan suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, a ga mace ta kumbura numfashi yana gagararta. In Allah ya kawo wani rabon, ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ki rage kanwa, ki je awo. Ki riƙa auna jininki ko lafiyarki ƙalau, abin yana bin dangi. Wahalar da ta sha ta sha ne don kada ku sha.

Sauran magana ita ce mutanenta. Da muka zauna lissafi bayan bakwai, mun tarar da waɗanda suke ci ta hannunta sun fi yadda muka zata. Akwai aminiyarta tun ta ƙuruciya, wadda yanzu ba ta gani, duk Juma'a Inna take aika mata da fura da ɗan na goro. Akwai marayu biyu na gidan da ke kallon namu, ita take biyan kuɗin makarantarsu daga abin da kuke turo mata na magani. Akwai almajirai uku da kwanonsu yake kife a soro, da tsofaffin ƙauye da suke jiran atamfa da sukari duk azumi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, su ne suka zo suna kuka suna faɗa. Waɗannan ba sa cikin takardar gado, kuma in ba a raba su ba za su faɗi ƙasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Mun raba a tsakaninmu. Almajiran nawa ne, 'yan ƙauye na kawunnanki. Ke na sa miki marayun nan biyu da aminiyarta, don ke ta fi sani a jikoki.

Kuɗin makarantar ki turo wa kawu babba a farkon kowane zango, kada ki jira a tuna miki, mai karɓa yana jin nauyin tambaya. Amma tsohuwar ba kuɗi ne ya fi damunta ba. Ta rasa wadda suke hira da ita tun suna 'yan mata. Jikarta tana da waya, ki kira ranar Juma'a a miƙa mata, ki bar ta ta yi ta ba ki labarin da kika riga kika ji. In kin zo Kano kuma ki taka ki je, zumunci a ƙafa yake. Inna da ciwon gwiwa take hawa A Daidaita Sahu ta je barka da ta'aziyya har Bichi, ba ta taɓa aika saƙo a inda ƙafarta za ta iya zuwa ba.

Mun kuma yanke shawarar haƙa rijiya a ƙauyensu da sunanta. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce ta uwar Sa'adu ce. Mai unguwa ya ba da fili kusa da masallaci, masu haƙa sun ce a bari sai bazara lokacin da ruwa ya yi ƙasa, don a san an kai ido na gaskiya. Kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa. Ki yi shawara da maigidanki, kada ki matsa wa kanki, kada kuma ki ci bashi saboda a ce kin fi kowa.

Yaran nan kuma. Da kuka zo na yi wa ƙaramar "ga ta nan ga ta nanku", ta tsaya tana kallona ba ta san amsa ba, babban kuma da Turanci ya gaishe da kawu. Ke a cinyar Inna kika san Gizo da Ƙoƙi, a nan kika koyi durƙusawa da addu'ar barci. Ki riƙa yi musu Hausa a gida, makaranta ta ishe su da Turanci. In an yi dogon hutu ki kawo mini su su yi wata guda, na gyara ɗakin Inna, akwai wuri. Ki zo da jaka babba, Alƙur'anin yana da nauyi, kuma gwaggonku ta ware miki zannuwa biyu daga cikin nata.

Ki gaishe da maigidanki, ki yi masa godiyar ɗawainiyar da ya yi a makokin nan, Allah ya saka masa da alheri. Babanku yana gaishe ku. Ki sa Inna a addu'a bayan kowace salla. Allah ya yi miki albarka, ya shirya miki zuriya.

Wassalam.

Mahaifiyarki